Gobara Ba Tuba Ba Ce

'Yan'uwa marubuta, akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a littattafanmu na zaman aure, wadda lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta ko da ran wasu zai ɓaci. Ɗabi'ar kuwa ita ce karyar da farashin yafiya. Marubuci zai cinye littafi na ɗaya da na biyu yana nuna mana yadda maigida ke gasa wa matarsa aya a hannu: ya hana ta kuɗin cefane, ya zage ta a gaban 'ya'yanta, ya auro wata ya fifita a kanta, ya lakaɗa mata duka, daga bisani ya miƙa mata takarda da tsakar dare. Sai an shiga littafi na uku, saura shafi goma a rufe, sai gobara ta tashi a kasuwa ta lashe shagonsa, ko motarsa ta ƙwace a hanyar Zariya, ko amaryar ta yashe shi ta gudu. Nan take sai ga Alhaji a durƙushe yana sharɓar hawaye. Uwargida ta ce ta yafe masa duniya da lahira, a mayar da aure, a yi walima, marubuci ya rubuta alhamdulillahi ya ajiye alƙalami. Mu kam wannan tuwon ya ginshe mu.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙorafi ne na masu neman a san da su. Duk wanda ya san Tarauni ya san yadda Allah Ya haɗa abubuwa wuri guda a wannan yanki. A Gyaɗi-Gyaɗi akwai titin da kotuna suka ba shi suna. A Hausawa akwai babbar kotun shari'ar Musulunci ta Filin Hoki. Ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin titin Zariya, ga kuma titin Gidan Zu inda 'yan fim suka daɗe da kafa ofisoshinsu, inda ake ɗaukar irin waɗannan labarai a mayar da su majigi. A tsakanin waɗannan wurare akwai dubban gidaje, a cikinsu kuma akwai matan da su ne kasuwarmu. A shekarun 1990 yara suke aika shagon haya a karɓo musu littafi, a yau kuwa a waya suke karantawa ko su saurari ana karanta musu. Matar da ta kwana tana karanta labarinka, mai yiwuwa ita ce da safe za ta zauna a kan bencin kotu da goyo a baya tana jiran a kira ƙararta ta neman ci da sha. Idan abin da ka gaya mata shi ne ta koma gida ta jira gobara, to ka san abin da ka ɗora wa kanka.

Matsalar mutuwar aure a Kano kuwa ba sai an tsaya dogon bayani ba. A farkon shekarar 2009 Hajiya Altine Abdullahi ta yi shelar fito da zawarawa zanga-zanga a titunan birnin nan, Hukumar Hisba ta hana. A 2012 gwamnati ta fara auren gata da ma'aurata 100, a 2023 aka ɗaura na 1,800 a tashi ɗaya. Al'ummar da ta kai gwamnati ke sayen gado da katifa don a rage zawarci, ai tana bukatar marubutan da za su gaya mata gaskiyar abin da ke rusa gida da abin da ke gyara shi.

To, daga ina wannan gobara ta samo asali? A ganinmu an kwafo ta ne daga littafin kirki, aka yi mata mummunar fahimta. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne. Kowa ya san labarin Rabi mai 'ya'ya tara, da mijinta Alhaji Abdu wanda ya auro Delu ya kore ta daga gidan, da yadda ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta har ta aurar da Saudatu gidan mutunci. An san kuma yadda shagon Alhaji Abdu ya ƙone, arziki ya gudu, Delu ta nuna halinta. Sai dai a dubi yadda Hajiya Balaraba ta rufe labarin. Rabi ba ta yi guɗa ba. Maza ne suka taru a kanta, na jini da na surukuta, suka matsa mata lamba har ta koma, alhali ta riga ta gina rayuwarta da guminta, kuma yanzu ita za ta ci da mutumin da ya wulaƙanta ta. Mai karatu yana rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro, yana tambayar kansa shin an yi wa matar nan adalci kuwa? Wannan ɗacin shi ne littafin. Shi ya sa da Malam Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga a 2012, mutanen da ba su taɓa taka Kano ba suka gane abin da ake nufi. Masu kwaikwayo kuwa sai suka ɗauki gobarar suka zubar da ɗacin. Wajen Hajiya Balaraba komawar Rabi ƙara ce aka shigar gaban al'umma. Wajen 'yan kwafe ta zama lada da aka ba mace don ta yi shiru.

Bari mu leƙa gidan maƙwabta, domin wanda bai je wani gari ba shi ke cewa babarsa ta fi kowa iya miya. 'Yan'uwanmu Kirista suna da wani babban reshe na ƙagaggun labarai da aka gina kacokan a kan imani da gafara a cikin auren da ya shiga garari. Mafi yawansu daga Amurka suke fitowa, ana kuma karanta su a Nijeriya, a kalli finafinan da aka yi da su. Mun san akwai waɗanda za su ce ina ruwan biri da gada. Ruwan shi ne sana'a ɗaya muke yi, matsala ɗaya muke taɓawa, kuma dalilin da ya sa suka zurfafa a wannan fage abin lura ne. A wajensu ƙofar saki a ƙuntace take. Cocin Katolika ba ta yarda da warware auren da ya ƙullu ya tabbata ba, auren rajista kuma a ƙarƙashin dokar 1970 sai babbar kotu ce ke raba shi, bayan an gamsar da ita cewa ya lalace ba gyara. Tun da marubucinsu ba ya da damar ya sa miji ya yago takarda ya rubuta layi biyu, dole ya zauna da mutanen nan biyu a ɗaki guda ya nuna yadda za su ƙare.

A 1991 wata Ba'amurkiya, Francine Rivers, ta fitar da Redeeming Love, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Ta ɗauko ƙashin labarin daga littafin Hosiya na Tsohon Alkawari, inda aka umarci mutumin Allah ya auri mace mai yawon banza, ta mayar da shi Kalifoniya ta zamanin haƙar zinare, wajejen 1850. Matar an sayar da ita gidan karuwai tun tana yarinya, wani manomi ya aure ta, ta riƙa guduwa tana barinsa, shi kuma yana haƙuri. A lura da wanda aka ɗora wa nauyin haƙuri da yafiya a nan: namiji ne. Yanzu a duba tarin littattafanmu tun daga Rabin Raina na Talatu Wada har zuwa na waya da ake yayi a yau, a ƙirga mana sau nawa miji ya yafe wa matarsa babban laifi aka ci gaba da zama. A wajenmu mace in ta yi kuskure ɗaya, marubuci sai ya haukatar da ita, ko ya sa mata cutar da ba ta da magani, ko ya kashe ta a haɗarin mota don ta zama darasi. Namiji kuwa hawayen shafi ɗaya ya wadatar. Wace irin ma'auni ce wannan?

Sai kuma Fireproof, fim ɗin da wata coci a jihar Jojiya ta shirya a 2008 da dala dubu 500, ya kawo sama da miliyan 30, Eric Wilson kuma ya mayar da shi littafi a shekarar. Mijin ma'aikacin kashe gobara ne (abin dariya, shi kashe ta yake yi, namu Alhazan kuwa ita ke shiryar da su), mai faɗa, mai son kansa, mai kallon batsa a kwamfuta. Matar ta nemi a rabu. Mahaifinsa ya ba shi wani aiki na kwana 40, kullum da abin da zai yi wa matarsa na kyautatawa. Abin da ya burge mu shi ne matar ba ta kula shi ba. Ya yi, ta share, ya sake yi, ta ƙara sharewa, domin ba ta yarda da shi ba, kuma tana da hujja. Sai da ya farfasa kwamfutar da hannunsa, sai da ya kwashe kuɗin da ya shekara da shekaru yana tarawa don sayen jirgin ruwan shaƙatawa ya biya wa surukarsa marar lafiya kayan jinya ba tare da ya faɗa ba, sannan zuciyarta ta fara saukowa. Labarin yana da rauninsa, wa'azi ya yi masa yawa, ƙarshensa kuma ya cika santsi. Amma tubar mutumin ta ci masa lokaci, ta ci masa dukiya, ta ci masa girman kai, kuma yana da lafiyarsa da albashinsa ya yi ta. Namu Alhajin sai da ya rasa komai ya tuna da uwargida. Wanda ya dawo saboda ba shi da wurin kwana, masauki yake nema, kuma duk macen da ta taɓa zaman aure ta san bambancin.

Kada a ce mun zo tallan kayan wasu. Su ma suna da irin tamu cutar, har ma da ƙari. Mutanen da suka yi Fireproof su suka yi War Room a 2015, inda wata tsohuwa ta koya wa matar aure ta daina jayayya da mijinta, ta share ɗan ɗakin ajiye tufafi ta mayar da shi wurin addu'a. Mijin yana gab da cin amanarta sai ciwon ciki ya turnuƙe shi, daga baya aka kore shi daga aiki, sai ya shiryu. Gobararmu ce dai aka sa mata kwat. Ba mu raina addu'a ba, wane mu. Abin da muke ƙi shi ne a koya wa mace cewa addu'a ita kaɗai ce ƙofar da aka bar mata, faɗa wa iyaye ko zuwa gaban hukuma kuwa raunin imani ne. Ƙasar nan ta ga inda wannan karatu ke kaiwa. A watan Afrilu na 2022 Osinachi Nwachukwu, shahararriyar mawaƙiyar bishara, ta rasu a Abuja tana da shekara 42. 'Yan'uwanta da abokan aikinta suka fito suka ce ta daɗe tana shan azaba a gidan aure tana ɓoyewa, tana sa ran mijin zai canja. A watan Afrilu na 2025 babbar kotun Abuja ta same shi da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Ba mu ce littafi ne ya kashe ta ba. Amma tunanin da ya riƙe ta a gidan, shi ne tunanin da marubuta da masu fim, nasu da namu, ke shafa wa zuma suna miƙa wa mata.

A nan ne masu kare wannan salo za su miƙe su ce ai addini ne ya yi umarni da haƙuri da yafiya, mu kuma faɗakarwa muke yi. To, mu je ga addinin. Malamanmu sun ƙidaya sharuɗɗan tuba: nadama, da barin laifin, da ƙudurta rashin komawa, sannan in laifin ya shafi haƙƙin wani, a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan na ƙarshen shi ne marubutanmu suka haɗiye. Shekara shida mutum bai ciyar ba, bai tufatar ba, bai biya kuɗin makaranta ba, ya sayar mata da kayan ɗaki, amma ko a shafi ɗaya ba za ka ga an zauna lissafi ba. Aya ta 229 a Suratul Baƙara zaɓi biyu ta ba miji, ya riƙe da kyautatawa ko ya rabu da kyautatawa, ba ta ba shi na uku ba. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce in an ji tsoron ɓaraka a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, wato ita ma tana da bakin da zai yi magana a madadinta. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, macen da ta tabbatar wa alƙali ana cutar da ita tana da damar a raba auren. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ba ta zargin mijinta a addini ko hali amma ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonarsa ya sauwaƙe mata.

Ƙissar da ta fi dacewa kowane marubucin labarin aure ya haddace kuwa ita ce ta Barira da Mugisu. Da aka 'yanta Barira ta sami zaɓi, ta zaɓi rabuwa da mijinta. Mugisu ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka har hawaye na jiƙa masa gemu. Manzon Allah ya tausaya masa, ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya shin umarni ne? Ya nuna mata ceto ne kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa, kuma aka ƙyale ta. Jama'a, a duba da kyau. Ga miji mai kuka, ga mai ceton da babu kamarsa, mace ta ce a'a, kuma ba a kira ta marar tarbiyya ba. Da a hannun wasu marubutanmu wannan labari ya faɗo, da tuni sun ɗora mata ciwon shanyewar ɓarin jiki a babi na gaba.

Su ma Kiristocin littafinsu bai ba su wannan arhar ba. Babi na 18 na Matiyu, wanda ake yawan jawowa don nuna cewa gafara ba ta da iyaka, shi ne kuma ya tsara yadda za a tunkari mai laifi: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a je da shaidu, in ya ƙi a kai shi gaban jama'a. Zakka mai karɓar haraji, a babi na 19 na Luka, da ya tuba cewa ya yi zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ashe ko ta wace ƙofa aka shiga, sai an biya. Marubuta ne kaɗai suka yafe bashin da ba nasu ba.

Akwai ma wani abin kunyar da ya fi wannan. Don a ƙayata littafi na biyu, sai a sa miji ya danƙara saki uku. Da aka zo littafi na uku ana son a mayar da aure, sai marubuci ya ga ya ɗaure kansa. Sai ya ƙirƙiro wani bawan Allah mai hali kamar na waliyyi ya auri matar, ya riƙe ta da daraja wata bakwai, sannan ya mutu a haɗari, ko ya sake ta don tausayin tsohon mijin. Wannan ai kisan wuta ne, marubuci ne kawai ya yi dillancinsa. Mutumin kirki ɗaya tilo da ke cikin littafin an yanka shi don a share wa azzalumi hanya, sannan a bangon baya a rubuta cewa labari ne mai cike da darussa.

Wani zai ce ai masu karatu ne ke so, in ba a mayar da aure ba kasuwa ba za ta karɓa ba. Wannan magana mun ji ta tun zamanin da Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan nan sunan adabin kasuwar Kano, aka yi ta fafatawa a jaridu da shi da su Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu. Waɗanda suka tsaya wa littattafan a lokacin hujjarsu ita ce suna faɗin abin da ke damun mata da matasa wanda manya suka ƙi faɗa: auren dole, da hana karatu, da sakin wulaƙanci. Da wannan hujjar aka kare su, har lokacin da aka tara wasu aka cinna musu wuta a Kano a 2007. In yanzu mun koma ba mata maganin barci don kasuwa, to mun ba masu sukar gaskiya da hannunmu. Kuma ba mu ce kada a mayar da aure ba. A mayar mana, sulhu alheri ne. Amma a nuna mana aikin. A nuna daren farko bayan komawa, lokacin da ya ɗaga hannu zai ɗauki buta ita kuma ta kauce ba ta sani ba. A nuna babban ɗanta da ya girma yana kallon ana dukan uwarsa, yanzu an ce ya durƙusa ya gaida Baba. A nuna macen da ta yafe don Allah, ta cire ƙulli daga zuciyarta, amma ta ce zama kam an gama, domin yafe laifi daban, komawa ɗaki daban. Nan ne labarin yake, nan ne kuma marubutanmu ke rufe littafi su gudu.

Sauran magana ɗaya ga 'yan'uwanmu Kirista masu rubutu da Hausa, na Kano da Wusasa da Jos da sauran wurare. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, da Hausa ake wa'azi da waƙa a ɗaruruwan majami'u a Arewa, amma in ana neman labarin rikicin aure sai a koma na Kalifoniya da Jojiya. Gidan Bahaushe Kirista yana da nasa tashin hankalin da Ba'amurke bai san shi ba: dangin miji da rabinsu Musulmi ne, matsin lamba a kan haihuwar namiji a auren da ba a ƙara mace, dattawan coci da zumuntar mata da ke shiga tsakani, da matar da ke tsoron a dakatar da ita daga cin jibi in ta bar gidan. A littattafanmu Kirista ba ya fitowa sai in ana son a musuluntar da shi a babin ƙarshe, ko a ba shi aikin gadi. Wannan gona ce da ke jiran manoma, shafukan mujallar nan kuma a buɗe suke.

A zaman karatu na ƙungiya mai zuwa, duk wanda ya kawo mana rubutun da gobara ta tashi a babinsa na ƙarshe, za mu dakatar da shi a daidai wurin da Alhaji ya durƙusa. Za mu tambaye shi wa ya biya kuɗin hayar ɗakin da matar nan ta kama a Unguwa Uku shekara shida, nawa ne jimillarsu, kuma a wane shafi aka mayar mata.